Baƙuwar Nas a Ɗakin Majinyata: Nazari kan Shigar da Ma'aikatan Jinya na Wucin Gadi Cikin Tawagar Asibiti a Yola da Jimeta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin matsayin ma'aikatan jinya na wucin gadi a cikin tawagar da ta haɗa likitoci da nas-nas da unguwar zoma da masu haɗa magani da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, ta ɗauki Yola da Jimeta a matsayin fagen nazari. An bi hanyar bitar binciken da aka wallafa da manufofin gwamnati, aka auna su da yanayin aikin asibiti a yankin. Maƙalar ta nuna cewa haɗarin da ake jingina wa nas ɗin wucin gadi ya fi tasowa daga rashin sanin wuri da rashin bakin magana a cikin tawaga, kuma nauyin gyara ya fi rataya a wuyan asibitin da ya ɗauke ta.

Muhimman kalmomi: jinya, aikin wucin gadi, tawagar asibiti, miƙa duti, Adamawa.

1.0 Gabatarwa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 kan aikin jinya ya ƙiyasta cewa akwai nas-nas miliyan 27.9 a duniya, da giɓin miliyan 5.9 da akasarinsa ya faɗa kan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A 2023 hukumar ta sanya Nijeriya cikin ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikatan lafiya ya fi yi wa katutu, sannan a 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Unguwar Zoma ta Nijeriya ya bayyana cewa nas-nas kusan 42,000 sun bar ƙasar cikin shekaru uku. Duk gurbin da ya buɗe haka, ko dai a bar shi fayau, ko a cike shi da wanda zai riƙe na ɗan lokaci. A Ingila da Amurka kamfanoni ne ke ba da hayar irin waɗannan ma'aikata. A Yola da Jimeta kuwa abin ya ɗauki wasu siffofi: 'yan lokum, da 'yan kwantiragi, da masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan sa-kai, da waɗanda suka yi ritaya aka sake kiransu, da waɗanda ƙungiyoyin agaji ke biya, da masu gama duti a asibitin gwamnati su wuce asibitin kuɗi da dare. Tambayar ita ce: ta yaya wanda bai daɗe a wuri ba zai yi aiki da tawagar da ta riga ta san juna, ba tare da majinyaci ya cutu ba?

2.0 Tushen Lamarin a Yola da Jimeta

Manyan cibiyoyin da ake tura marasa lafiya daga sassan Adamawa su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda a da ake kira Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, ga kuma Kwalejin Koyon Jinya da Unguwar Zoma ta jihar tana yaye sababbin ma'aikata. Aikin wucin gadi ya daɗe da zama ɓangaren wannan tsari. A 2009 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura unguwar zoma zuwa cibiyoyin lafiya na karkara bisa kwantiragi, ya haɗa sababbin yaye da marasa aiki da waɗanda suka yi ritaya. A 2011 aka fara gwada shirin biyan asibitoci gwargwadon aikin da suka yi a ƙaramar hukumar Fufore da tallafin Bankin Duniya, kafin a faɗaɗa shi a jihar, kuma ya ba cibiyoyin lafiya damar ɗaukar ƙarin ma'aikata da kuɗin da suka samu. Da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoba na 2014, dubban 'yan gudun hijira suka kwararo Yola, aka buɗe sansanoni irin su Malkohi da Damare, ƙungiyoyin agaji suka shigo da ma'aikatansu. Fashewar bama-bamai a Jimeta a 2015, da ɓarkewar amai da gudawa a 2019 da 2024, duk sun jawo buƙatar hannaye da yawa cikin kwanaki kaɗan. Garin da ke bakin Kogin Binuwai, mai fama da ambaliya, kuma kusa da iyakar Kamaru, ba zai rabu da irin wannan buƙata ta gaggawa ba.

3.0 Abin da Bincike Ya Nuna

Binciken da Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa a 2002, bisa bayanan asibitoci 168 a jihar Pensilbaniya ta Amurka, ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas guda yana ƙara yiwuwar mutuwa cikin kwana 30 da kashi 7 cikin 100. Wannan ya tabbatar da cewa barin gurbi fayau yana da tsada, kuma majinyaci ne ke biya. A 2013 tawagar ta koma kan nas-nas na haya, ta duba asibitoci sama da 600. Da farko alƙaluma sun nuna kamar mace-mace sun fi yawa inda ake yawan amfani da su, amma da aka cire tasirin yanayin wurin aiki daga lissafin, alaƙar ta ɓace. Ma'anarsa, asibitocin da tsarinsu ya riga ya lalace ne suka fi neman 'yan haya, sai aka ɗora wa baƙi laifin da suka tarar. A ɗaya ɓangaren, Chiara Dall'Ora da Peter Griffiths da abokin aikinsu sun gano a 2020, a wani babban asibiti a kudancin Ingila, cewa ranakun da aka dogara sosai ga nas-nas na wucin gadi haɗarin mutuwa ya ƙaru da kashi 12 cikin 100, alhali amfani da su daidai-wa-daida bai nuna wannan illa ba.

Idan aka haɗa sakamakon bincike biyun na ƙarshe, za a ga ba sa karo da juna. Baƙuwar nas guda a cikin tawagar da ta san aikinta takan dace nan da nan, domin akwai wanda za ta tambaya. Amma idan baƙi suka rinjayi 'yan gida, sanin wuri ya yi ƙaranci a ɗakin baki ɗaya. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Idon nas shi ne ilimin da ta samo a makaranta da lasisin da ke hannunta. Abin da ta rasa shi ne sanin inda kowane abu yake da wanda ake nema idan ta ɓaci.

4.0 Wurare Uku da Igiyar Ke Tsinkewa

Wuri na farko shi ne karɓa. A ƙaddara an kawo mai ciki tana jijjiga da ƙarfe biyun dare, nas ɗin da ke duti kuwa shekaranjiya ta fara aiki. Ta san maganin shi ne magnesium sulphate, ta san giram 4 ake sa wa ta jijiya da giram 10 a tsoka, biyar a kowane ɗuwawu. Amma wa ke riƙe da makullin kabad ɗin magani? Wane likita ne ke kan kira, kuma mece ce lambarsa? Idan ana buƙatar jini, a wane fom ake rubutawa, kuma sai ɗan'uwan majinyaciya ya bayar kafin a saki leda? Idan aka ɗauke wuta, wa ke tayar da janareta? Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake koyarwa a kwaleji, kuma kowanne na iya cinye mintocin da rai ya rataya a kansu. Maganinsa takardar karɓa ce mai shafi ɗaya da shugabar ɗaki za ta bi da sabuwar ma'aikaciya kafin dutinta na farko, bayan an tabbatar lasisinta bai ƙare ba, an kuma ji daga bakinta abin da ta ƙware a kai da abin da ba ta taɓa yi ba.

Wuri na biyu shi ne miƙa duti. Ita wannan majinyaciya za a ci gaba da yi mata allurar giram 5 duk bayan awa huɗu, kuma kafin kowace allura dole a ƙirga numfashinta, a ƙwanƙwasa gwiwarta a ga ko tana zabura, a auna fitsarin da ta yi, a kuma tabbatar calcium gluconate na kusa. Idan aka miƙa duti da baki kawai, ana cewa ta gado na shida ta ji sauƙi, 'yar gida za ta cike giɓin da abin da ta gani jiya. Baƙuwa ba ta da jiyan da za ta tuna. Binciken Amy Starmer da abokan aikinta na 2014 a asibitocin yara tara na Amurka da Kanada ya nuna cewa tsararren miƙa duti ya rage kurakurai da kashi 23 cikin 100. Tsarin ba ya buƙatar kwamfuta: halin da majinyaci ke ciki, abin da ya kawo shi, abin da ya rage a yi da lokacinsa, abin da za a yi idan ya rikice, sannan mai karɓa ta maimaita abin da ta ji. A Yola da Jimeta akwai ƙarin layi ɗaya da ya kamata a saka, wato harshen majinyaci. Tsohuwar da aka kawo daga ruga mai yiwuwa Fulatanci kawai take ji, wani kuma ya fi sakewa da harshen Bachama ko Chamba ko Margi, wanda ya ƙetaro daga Garwa ta Kamaru kuma takardunsa da Faransanci suke. Ya kamata a rubuta wanda zai yi tafinta a kowane duti.

Wuri na uku, kuma mafi wuya, shi ne bakin magana. Asibitocin Nijeriya na da tarihin ja-in-ja tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya, har ta kai an kafa kwamitin shugaban ƙasa ƙarƙashin Alhaji Yayale Ahmed, wanda ya miƙa rahotonsa a 2014. A irin wannan yanayi, 'yar kwantiragi da sabunta aikinta ke hannun wasu ita ce ta ƙarshe da za ta ce wa babban likita adadin maganin da ya rubuta ya yi yawa. Kara da kunya, waɗanda abin yabo ne a zaman gida, a nan sukan danne maganar da za ta ceci rai. Takardar tantance tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka gwada a asibitoci takwas har da na Ifakara a Tanzaniya, ta rage mace-mace daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, kamar yadda aka wallafa a 2009, kuma cikin sharuɗɗanta akwai kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara yanka. Wanda aka san sunansa ya fi samun ƙarfin halin yin magana. Saboda haka ya dace a gabatar da sabuwar nas ga mai haɗa magani da ma'aikacin gwaje-gwaje, a shigar da ita zagayen safe, kuma likitan da ke jagoranta ya tambaye ta abin da ta lura da shi cikin dare. Ita ma da nata nauyin: ta yi tambaya kafin ta yi zato, ta rubuta duk abin da ta yi da lokacinsa, ta ƙi karɓar aikin da ya wuce ƙwarewarta.

5.0 Ƙorafe-ƙorafe da Amsoshinsu

Za a iya cewa kyautata wannan tsari tamkar halasta aikin leburanci ne a fagen jinya, alhali abin da ake buƙata shi ne ɗaukar ma'aikata na dindindin. Ƙorafin yana da tushe, binciken Ingila ma ya goyi bayansa, tunda ya nuna dogaro mai yawa da baƙi yana da illa, kuma hukumar lafiyar ƙasar ta ƙayyade kuɗin hayar ma'aikata tun 2015 don rage shi. Sai dai neman ɗaukar ma'aikata ba ya hana kare majinyacin da ke kwance yau a hannun 'yar lokum. Hasali ma abin da hujjar ke nema shi ne a ƙayyade rabo, ta yadda ba za a bar ɗaki a hannun baƙi zalla ba, musamman da dare.

Wasu za su ce ɗakin da nas biyu ke riƙe da gadaje masu yawa ba shi da lokacin yi wa baƙuwa rakiya. Amsar ita ce lokacin dole a kashe shi, ko a rabin awa kafin duti cikin natsuwa, ko a tsakar dare ana neman makulli majinyaciya na jijjiga. Ƙorafi na uku shi ne akasarin hujjojin daga Amurka da Ingila suke. Gaskiya ne ba za a ɗauko kashi 12 ko 23 a liƙa wa Jimeta ba. Amma dalilin da ya haifar da alƙaluman, wato sanin wuri da ke cikin kawunan mutane maimakon takarda, ya fi ƙarfi a inda fayil ke hannu, ma'aikata suka yi kaɗan, harsuna suka yi yawa. Wannan ya buɗe fage ga masu bincike a Jami'ar Modibbo Adama su auna abin a ɗakunan majinyata na gida.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa aikin jinya na wucin gadi ya samu gindin zama a Yola da Jimeta sakamakon ƙaurar ma'aikata da rikici da annoba, kuma amfaninsa ko cutarsa ya dogara ga yadda aka karɓi ma'aikaciyar, aka miƙa mata duti, aka kuma ba ta damar magana. Ana kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Adamawa da shugabannin asibitoci, na gwamnati da na kuɗi, su wajabta tantance lasisi da takardar karɓa ta shafi ɗaya, su tsara miƙa duti a rubuce, su kuma hana barin kowane duti ba tare da 'yar gida aƙalla guda ba. Ƙungiyar ma'aikatan jinya da unguwar zoma ta ƙasa, reshen jihar, ita ma ya dace ta sa waɗannan cikin buƙatunta, tare da neman mayar da waɗanda suka daɗe a kwantiragi ma'aikata na dindindin. Uku na farkon ba sa buƙatar sabon kasafin kuɗi. Umarni a rubuce da sa ido kawai suke jira.