Kuɗi a tukunya ko a banki: abin da tarihinmu ya nuna

Jama'a, ina yawan ganin ana yi wa dattawanmu dariya a nan Facebook, wai har yau suna ɓoye kuɗi a tukunya ko cikin katifa. Ni dai ba na cikin masu dariyar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma bankunan ƙasar nan sun sari mutane da dama.

A watan Janairun 1998 kaɗai, an rufe bankuna 26 a lokaci guda. A 2002 aka ƙwace lasisin Savannah Bank, masu ajiya suka yi shekaru suna zarya. Ko a watan Yunin 2024 mun ga yadda aka rufe Heritage Bank. Ga kuma maganar riba, wadda ta sa da yawa daga cikin iyayenmu suka ƙi taka ƙofar banki, har sai da Jaiz ya fara aiki a 2012. To ka ga tsoron yana da tushe.

Amma fa kuɗin da ke gida ma ba a hannunka yake ba gaba ɗaya. Takarda ce ta gwamnati, kuma sanarwa ɗaya a rediyo tana iya kashe ta. A Janairun 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnatin tarayya ta canza takardun kuɗi don ta kashe waɗanda ke ɓangaren Biyafara, talakawan can suka wayi gari ajiyarsu ta zama shara. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta canza launin naira, ta rufe iyakoki, ta ba da ƙasa da mako biyu. Abin da ya haura naira 5,000 sai ka zuba a banki ka yi bayanin inda ka samo shi. Makiyayi a ruga da ɗan kasuwar ƙauye, wasu kafin labarin ya kai gare su wa'adi ya cika. Tambayi duk wanda ya haura shekara hamsin, zai ba ka labarin wani da ya tone tukunyarsa bayan ƙofa ta rufu.

Sai 2023, wadda duk mun gani da idonmu. Emefiele ya sanar da canjin naira 200, 500 da 1,000 a Oktoban 2022, wa'adi 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Wannan karon wallahi kowa ya ji a jikinsa. Mai kuɗi a gida yana ta gudu ya rabu da tsofaffin takardu, mai kuɗi a banki yana kwana a layin ATM, ko ya sayi naira da naira a wajen masu POS. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki ranar 3 ga Maris kafin aka numfasa.

Abin da na fahimta shi ne, kowane ɓangare da irin macijinsa. Na gida akwai gobara, gara, ɓarawo, canjin kuɗi, ga tsadar kaya tana cin darajarsa a hankali. Na banki akwai rufewa da matsalar sabis, sai dai hukumar NDIC, da aka kafa a 1988, tana biyan mai ajiya har naira miliyan 5 in bankin kasuwanci ya durƙushe. Tukunya kuwa ba ta da mai biya.

Shawarata a raba ƙafa. Na cefane da asibiti na 'yan kwanaki ya zauna a gida, jari ya tafi banki, in ya haura miliyan 5 a rarraba shi. Mai tsoho a ƙauye kuma ya daure ya zauna da shi ya yi masa bayani cikin ladabi, tun kafin wata sanarwar ta sake fitowa. Allah Ya tsare mana halaliyarmu.