Likitar Galmi da begen Kiristocinmu

Yau tarihin maƙwabtanmu Kiristoci za mu taɓa.

In an ce Galmi, albasa ka fara zuwa ga rai, sannan likita. Mishan na SIM sunka shigo Nijar ta Damagaram a 1924, daga baya sunka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi. A 1950 anka buɗe likitar Galmi, Dokta Burt Long na farkon likitocinta. Tun sannan marasa lafiya ke tururuwa, har daga Nijeriya, kuma mafi yawansu Musulmi ne. Farin 1973 da yunwar 1984 duk sun iske ta nan bakin hanya.

Amma duhun da Kiristocin ƙasar nan ba su manta ba shi ne na Janairun 2015. Bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, tarzoma ta ɓarke Damagaram ran Juma'a 16 ga wata, washegari ta kai Yamai. Mutum 10 sunka rasu. 'Yan sanda sun ce majami'u 45 anka ƙone a Yamai kaɗai. Shugaba Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji nan cikin Illela, ya fito ya yi tir da abin. Akwai Musulmin da sunka ɓoye maƙwabtansu cikin gidajensu, wannan ma tarihi ne.

To, mi ya hana su ramuwa? Abin da suke kira bege. Ga imaninsu, Yesu Almasihu ya sha wuya, ya yafe wa waɗanda sunka cuce shi, ya kuma tashi daga matattu, don haka suna ganin tsoro da mutuwa ba su ne ƙarshen zance ba. Shugabanninsu sunka yi kiran gafara, daga baya anka sake gina majami'u da yawa.

Gwajin bai tsaya nan ba. A Oktoban 2016 anka sace ma'aikacin agaji Jeffery Woodke a Abalak. Iyalinsa sun yi shekara shida da 'yan watanni suna addu'a, sai a Maris 2023 anka sako shi.

Yau da 'yan bindiga ke hana mu barci a garuruwan bakin iyaka, tsoron bai tambayar addinin kowa. Likitar Galmi kuwa tana nan tana karɓar duk wanda ya zo.

Dattawan da sunka ga farkonta, ku ba mu labari. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.