Rigar da Kakana Ya Ninke a Wad Haddad

A akwatin ƙarfen kakana a Wad Haddad akwai wata babbar riga ta saƙi mai aska biyu. Ban taɓa ganinta a jikinsa ba sai ranar Idi. Sauran kwanaki farar jallabiya yake sawa kamar kowa. Sai da na fara aikin rediyo ina hira da dattawa na gane dalili.

Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sannar. Da aka gama madatsar Sannar a 1925, noman audugar Jazira ya buɗe, mahajjata da yawa suka yada zango a ƙauyukan yankin don neman guzuri. Wasu ba su sake tashi ba.

Sun zo da dokokin shigarsu. Babbar riga ba ta tafiya sai da 'yar ciki da wando da hula. Ana naɗe hannayenta a kafaɗa, ba a barinsu su share ƙasa. Rawani kuwa matsayi ne: mai kunne biyu na gidan sarauta ne, talaka bai isa ya naɗa ba.

A nan sai suka tarar da wata doka. Namiji kamili shi ne mai farar jallabiya, da taƙiya, da imma, da takalmin markub. Imma ba ta zagaya haɓa, kuma manomi da attajiri duk suna naɗawa. Wanda ya shiga kasuwa da babbar riga, tun daga nesa za a ce ga Takari, wato baƙo, ko da a nan aka yanke masa cibiya. Shi ya sa iyayenmu suka ninke rigar.

Ban ga laifinsu ba, tsira da mutunci suke nema. Amma wata ranar Juma'a na fito da jallabiya babu hula, kakana ya tare ni a zaure.

“Jikana, kai ba hula ba ya shiga cikin manya, ko a Sakkwato ko a Madani.”

Yanzu rigar tana hannuna, kuma a gidanmu babu sauran wanda ya iya ɗinka aska. Idi mai zuwa zan saka ta, in koya wa ɗana yadda ake naɗe hannun.