Daga Jauhari Zuwa Ƙurar Sahara: Tafiyar Ƙwayar Zarra Zuwa Ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan Turawa, ɗalibin da ya zurfafa a ilimin tauhidi a zaurukan malaman Katsina yakan gamu da wata tambaya mai wuyar gaske: in aka yi ta tsaga abu, akwai inda tsagawar za ta tsaya? Malaman Ash'ariyya, waɗanda littattafansu suka daɗe suna yawo a ƙasar Hausa, sun amsa da cewa akwai. Suka kira wannan ɗan yanki na ƙarshe jauharul fardi, wato abin da ba ya ƙara rabuwa. Girkawa ma, irin su Dimokuradis, sun riga sun faɗi makamancin haka. Dukkansu da hankali suka kai ga wannan matsayi, ba su da na'urar gwaji.

Gwaji ya shigo daga baya, ya kuma sauya labarin. A 1808 John Dalton ya nuna cewa kowane sinadari yana da irin tasa ƙwayar zarra. A 1897 J. J. Thomson ya gano ilektiron, ɗan mitsitsin abu mai cajin lantarki da ke cikin ƙwayar, aka fahimci ashe abin da masana kimiyya suka ɗauka ƙarshe yana da sassa. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan duk nauyin ƙwayar yana dunƙule ne a wata 'yar cibiya, sauran kuwa fili ne. Da a ce ƙwayar ta kai girman filin wasa na Muhammadu Dikko, da cibiyar ba za ta wuce tsabar gero a tsakiyarsa ba. A cikin cibiyar akwai furoton, wanda yawansa ke bambanta sinadari da sinadari: ƙarfe 26, zinariya 79, yuraniyom 92. A 1932 James Chadwick ya gano abokin zamansa, nutiron, wanda ba shi da caji. Da shi aka tsaga cibiyar yuraniyom a Jamus a 1938, bayan shekara bakwai aka jefa bam a Hiroshima.

Ta hanyar tsoro wannan ilimi ya fara taɓa rayuwar talakan Arewa. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Mutanen da hunturu ke lulluɓe su da hazon hamada kowace shekara suka shiga fargabar kada iska ta kwaso musu ƙura mai guba. Da Faransa ta yi gwaji na uku a Disamba, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta a Janairun 1961, Nijeriya tana da wata uku kacal da samun 'yanci.

Bayan shekara goma, a 1971, aka fara haƙo yuraniyom a Arlit, arewacin Nijar. Ya ƙetare teku yana haskaka biranen Faransa, alhali yawancin ƙauyukan ƙasar da aka haƙo shi suna kwana cikin duhu. Sai a 2004 aka kunna ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta farko a Nijeriya, inda ake amfani da nutiron wajen tantance sinadaran ƙasa da ma'adinai da abinci.

Tsakanin Reggane da Zariya shekara 44 ce. A cikinsu mun shaƙi fargabar ƙwayar zarra, an kwashi arzikinta daga ƙasar maƙwabtanmu, kafin mu fara sarrafa ta da hannunmu. Garin da Muhammadu al-Katsinawi ya fito, wanda ya rubuta littafi kan lissafi ya rasu a Alƙahira a 1741, ba baƙon zurfin tunani ba ne. Abin da ya rage shi ne ɗalibin Katsina na yau ya samu ɗakin gwajin da magabatansa ba su samu ba, domin wanda bai san abin da ke ƙarƙashin ƙasarsa ba, wani ne zai yanka masa farashinsa.