Daga Basel zuwa Dutsen Sina'i: Tushen Sabon Alkawari na Turanci

Wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Turanci bugun NIV, ya je Ayyukan Manzanni sura ta 8, zai tarar lamba ta tsallake daga aya ta 36 zuwa ta 38. An sauko da ta 37 ƙasan shafi cikin ƙananan haruffa. A bugun King James na 1611 kuwa tana nan daram. Asalin wannan bambanci yana can cikin kwafe-kwafen hannu na Helenanci, harshen Girkawa da aka rubuta Sabon Alkawari da shi.

Kusan shekara 1,400 magatakarda suka yi suna kwafar littafin da hannu. Wani ido zai tsallake layi, wani ya ga bayani a gefen shafi ya zaci nassi ne ya shigar da shi ciki. A yau akwai irin waɗannan kwafe-kwafe sama da 5,000, kuma mafi yawansu daga daular Rumawa ta Gabas suka fito, inda Helenanci ya ci gaba da rayuwa bayan Yammacin Turai ta koma Latin.

A 1516 malamin nan ɗan ƙasar Holan, Erasmus, ya fitar da nassin Helenanci a birnin Basel, a maɗaba'ar Johann Froben. Aikin gaggawa ne, domin malaman Sifen sun riga sun buga nasu tun 1514, sai dai bai shiga kasuwa ba. Kwafen da ke hannun Erasmus ba su kai goma ba, galibinsu na wajen ƙarni na 12. Na Wahayin Yahaya guda ɗaya tak ya samu, kuma shafin ƙarshe ya ɓace. Sai ya ɗauki ayoyi shida na ƙarshe daga Latin ya mayar da su Helenanci da kansa. Akwai kuma jimlar da ake kafa hujjar Triniti da ita a wasiƙar Yahaya ta fari, sura ta 5: bai sa ta a bugu biyu na farko ba, domin babu ita a kwafen da ya gani. Aka yi masa ca. Da aka nuna wani sabon kwafi mai ɗauke da ita, wanda yanzu yake Dublin, sai ya shigar da ita a bugun 1522.

Da wannan nassi William Tyndale ya yi fassararsa ta Turanci a 1526. A kansa Robert Estienne ya ɗora lambobin ayoyi a 1551, kuma jikokin wannan nassi ne masu fassarar Sarki James suka yi aiki da su. Rashin dogaro da tsofaffin kwafe-kwafe ba laifinsu ba ne: sai a 1627, shekara 16 bayan sun gama, kundin Alexandrinus na ƙarni na 5 ya iso Ingila.

Lamarin ya juya a ƙarni na 19. Bajamushe Constantin von Tischendorf ya je gidan ibadar Santa Katarina a gindin Dutsen Sina'i a 1844, ya koma a 1859 ya samu babban ɓangaren wani kundi na fata na ƙarni na 4. Kundin ya tafi Rasha, daga baya gwamnatin Sobiyet ta sayar wa Birtaniya shi a 1933 kan fam 100,000. Shi da takwaransa na ɗakin karatun Fadar Paparoma sun girmi kwafen Erasmus da wajen shekara 800. Dukansu biyu sun tsayar da Bisharar Markus a aya ta 8 ta sura ta 16, kuma babu labarin matar da aka kama da zina a Bisharar Yahaya.

A kan waɗannan kundaye biyu Westcott da Hort na Kambirij suka gina sabon nassi a 1881, shekarar da Sabon Alkawari na Revised Version ya fito. John Burgon ya tashi tsaye yana yaƙarsu, hujjarsa ita ce shaidu biyu ba za su kayar da ɗaruruwa ba. Damuwarsa abar fahimta ce, mutane sun haddace ayoyin nan tun suna yara. Amma kwafi ɗari da suka fito daga uwa ɗaya shaida ɗaya ne, kuma a nan hujjar Hort ta fi ƙarfi.

Yashin Masar ya ƙara mata nauyi. A ƙarni na 20 an samu takardun fafirus da suka girmi kundayen biyu, kuma wadda ake kira P75 ta yi daidai da kundin Fadar Paparoma ƙwarai a Luka da Yahaya. Shi ya sa NIV da ESV da NRSV suke bin nassin Nestle-Aland, wanda bugunsa na 28 ya fito a 2012. New King James ta 1982 ta tsaya kan nassin gidan Erasmus, tana nuna karatun tsofaffin kundaye a ƙasan shafi.