Daga minjirya zuwa Lozan: tarihin jinyar wanda bayansa ya karye

Wata ranar Laraba bayan an tashi daga makaranta, wani dattijo ya same ni a ƙarƙashin bedin da ke bakin ajinmu, riƙe da salula. Ɗansa na biyu tsohon ɗalibina ne. Yaron ya bar karatu ya bi 'yan haƙar zinare, kamar yadda samarin Agadas da yawa suka yi tun da aka gano zinare a Jado a 2014. Rami ya rufta masa, abokansa suka ciro shi, suka naɗe shi a bayan Hilux har gari. Tun daga ranar, daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin komai.

Dattijon ya miƙo mini salular ya ce, "Mushe, fassara mini wannan. An ce bature ne da bayansa ya karye, aka sa masa wuta ya miƙe. In gaskiya ne, garkar albasata ta tafi."

Na kalli hoton, na saurari Faransancin da ke ciki. Gaskiya ne, ba haɗi ba ne. Sai dai na roƙe shi ya ba ni mako guda kafin ya yi maganar garka da kowa. Abin da na tattara a wannan makon, da wanda na ƙara daga baya, shi nake so in shimfiɗa wa iyaye da 'yan uwana malamai, domin tsakanin ramin zinare, kabu-kabu da hanyar Arlit, wannan tambaya za ta sake zuwa ƙofar wani daga cikinmu.

Mu fara da laka. Ita ce farar igiyar da ke kwance cikin ƙashin baya, ta nan saƙon ƙwaƙwalwa ke sauka zuwa gaɓoɓi, ta nan kuma labarin zafi da sanyi ke hawa. Ku tuna ayarin gishiri mai zuwa Bilma, raƙuma a jere, kowanne ɗaure da na gabansa. Idan igiya ta tsinke a tsakiya, na baya za su tsaya cik, alhali ƙafafunsu lafiya lau, kuma sun san tafiya. Haka lakar da ke ƙasa da wurin rauni take. Tana raye, tana da nata tsarin taka ƙafa, umarnin madugu ne ya daina iso mata. Duk labarin wutar lantarki a wannan fanni ƙoƙari ne na tayar da raƙuman baya.

Mutanen da sun san ciwon, maganin ne ya gagare su. Akwai wata takardar likitancin Misira da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda ake kira da sunan Edwin Smith, mutumin da ya saye ta a Luksor a 1862. Ta kawo raunuka 48. A cikinsu akwai mutumin da wuyansa ya goce, ba ya jin hannu ba ya jin ƙafa, fitsari na zuba ba da saninsa ba. Hukuncin marubucin shi ne wannan ba ciwon da ake yi wa magani ba ne. Wannan hukunci ya zauna daram fiye da shekara dubu uku.

Ita kuwa wuta a matsayin magani, a ruwa aka fara samunta. Aikina na farko bayan na fito makarantar horon malamai a wani ƙauye ne na bakin kogin Kwara, can na fara ganin minjirya. Yara suka zuga ni na taɓa ta, hannuna ya mutu har kafaɗa, suna ta dariya. Misirawa sun zana wannan kifi a bangon kaburburansu. A Rum kuma, a ƙarni na farko, wani likita mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa a ɗora wani kifin teku mai irin wannan wuta a kan mai ciwon kai ko ciwon gaɓoɓi. A 1791 kuma, Luigi Galvani na birnin Bolonya a Italiya ya wallafa gwajinsa, inda ya nuna ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa idan wuta ta taɓa jijiyarta. A 1855 likitan Faransa Duchenne ya fitar da littafi kan yadda ake motsa tsoka ɗaya tak ta hanyar ɗora wayoyi a kan fata, ba tare da yanka ba. Daga nan aka tabbatar jijiya da tsoka da wuta suke magana.

Amma wannan ilimi bai ceci mai karyayyen baya ko ɗaya ba a lokacin. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, likitan Amurka Harvey Cushing ya ba da rahoton cewa kusan 8 cikin 10 na sojojin da suka ji rauni a laka sun mutu cikin 'yan makonni. Abin lura shi ne ba karayar ce ke kashe yawancinsu ba. Gyambon kwanciya ne, da ƙwayoyin cuta da ke hawa daga mafitsara zuwa ƙoda. Mutumin da ba ya jin zafi ba ya juyawa da kansa, sai naman kwatangwalo da na gindin baya ya mutu a ƙarƙashin nauyinsa, ya ruɓe har ƙashi.

Wanda ya karya wannan hukunci shi ne Ludwig Guttmann, likita Bayahude da ya gudu daga Jamus zuwa Ingila a 1939. A watan Fabrairu 1944 ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville. Ba da wata na'ura ya zo ba. Ya kafa doka cewa a juya kowane majinyaci duk bayan awa 2, dare da rana. A kula da fitar fitsari cikin tsabta. A tayar da mutum zaune, a motsa masa gaɓoɓi, a koya masa sana'a kamar kafinta, gyaran agogo ko buga tafireta. Burinsa shi ne majinyaci ya koma cikin jama'a yana cin guminsa. Ranar 29 ga Yuli 1948 ya shirya gasar harbin kibiya ta mutum 16 a kan kekuna, kuma daga wannan ƙaramin taro aka kai ga wasannin nakasassu na duniya da aka fara a Rum a 1960, da 'yan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23.

Wasu ƙananan abubuwa biyu sun cika aikin. Na farko keke. Herbert Everest injiniyan haƙar ma'adinai ne a Amurka, bayansa ya karye a wurin aiki a 1918, irin ƙaddarar ɗalibina. Shi da abokinsa Harry Jennings suka ƙera keken ƙarfe mai naɗewa a 1933, wanda ake iya jefawa cikin mota. Na biyu robar fitsari. A 1972 likita Jack Lapides na Mishigan ya nuna cewa majinyaci zai iya sa wa kansa roba mai tsabta sau da yawa a yini, ya fitar da fitsari ya cire ta, ba sai an bar ta a jiki ba. Wannan dabara ta ceci ƙodojin mutane masu ɗimbin yawa.

Sai da mutane suka fara rayuwa shekaru bayan rauni sannan wuta ta samu jikin da za ta yi aiki a kai. A 1961 Liberson da abokan aikinsa suka yi wata 'yar na'ura mai ɗaga tafin ƙafar wanda ɓarin jikinsa ya shanye, daidai lokacin da zai taka. A ƙarshen shekarun 1970 Giles Brindley na Landan ya fara dasa na'urar da ke matsa mafitsara. A 1983 wata ɗaliba a Amurka, Nan Davis, ta yi 'yan taku a bikin kammala karatunta, kwamfuta na aika wuta ga tsokar ƙafafunta. Duk waɗannan tsoka ko jijiyarta suke bugawa kai tsaye, shi ya sa jiki ke saurin gajiya.

Sabon babi ya buɗe da aka koma tayar da lakar kanta. Rob Summers matashi ne da mota ta kaɗe a 2006. A birnin Luwisbil na Amurka, ƙungiyar Susan Harkema ta shimfiɗa masa wani faifai mai bakin waya 16 a saman lakar ƙugunsa, kuma a 2011 aka bayyana wa duniya cewa yana miƙewa tsaye a kan ƙafafunsa. Abin da hotunan salula ba sa faɗa shi ne, kafin a dasa masa komai sai da ya yi zaman atisaye 170 cikin wata 26.

Daga nan sai Lozan ta ƙasar Suwizalan, inda Grégoire Courtine da likitar tiyata Jocelyne Bloch ke aiki. A 2018 mutum uku sun taka da taimakon na'urarsu. A 2022 suka nuna Michel Roccati, ɗan Italiya da ya faɗi da babur a 2017, wanda ba ya jin komai a ƙafafunsa, yana tafiya da abin dogarawa mai taya. A 2023 kuma sai Gert-Jan Oskam ɗan Holan, wanda ya yi hatsarin keke a Sin a 2011. An sa masa na'urori biyu a ƙoƙon kai masu karanta niyyarsa ta ɗaga ƙafa, su aika wa kwamfutar da yake goye da ita, ita kuma ta umarci na'urar da ke bayansa. Wato an zagaye wurin da igiya ta tsinke. Shi ne baturen da dattijo ya nuna mini.

Da na koma gidansu, ga abin da na gaya masa. Na ce, "Baba, hoton gaskiya ne, amma ba kanti ba ne da za ka je da kuɗi ka sayo. Bincike ne, mutanen da aka yi wa kaɗan ne, kuma an zaɓe su. Lakar ba ta haɗe ba, tafiyar a hankali ce da abin dogarawa. Shi wannan mutum shekara 12 ya yi bayan hatsari kafin a kai ga wannan. In da gyambo ya ci shi a shekarar farko, ko gwiwoyinsa sun ƙage, da babu wanda ya ga hotonsa."

Sannan na nemi a buɗe mini bayan yaron. A kan tabarma yake kwance wata biyu. A gindin bayansa akwai gyambo da ya kai faɗin bakin kofin shayi, an rufe da tsumma. Abin da ya kashe sojojin 1917 yana nan cikin ɗakin, mu kuwa muna kallon Lozan a salula.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka, kuma hatsarin mutuwa da wuri ya fi yawa a ƙasashe matalauta. Mu nan tsakaninmu da manyan asibitocin Yamai akwai fiye da kilomita 900. Na'urorin za su sauko wata rana, don a ƙarshen 2024 Amurka ta amince da wata da ake ɗorawa a fatar wuya ba tare da tiyata ba, domin ƙara ƙarfin hannu. Amma wannan dabam take da injinan tausa masu batir da 'yan talla ke yawo da su a kasuwa suna cewa suna tayar da gurgu. Fatar da ba ta jin zafi tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba. Kada a ɗora wa majinyaci wuta sai a hannun ma'aikacin lafiya da ya koyi aikin.

Rabon da tarihi ya bar mana a hannu yau shi ne na Guttmann, kuma ba ya buƙatar a sayar da garka. Idan mutum ya faɗi yana kukan wuya ko baya, kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi, kada a kai shi a ja shi wurin mai ɗori. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a kwantar da shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a haka za a kai shi asibiti. Wannan darasi ne na minti goma da kowane malami zai iya yi wa 'yan ajinsa, kuma su ne gobe za su tsaya a bakin rami ko bakin titi. A gida kuma a raba dare tsakanin 'yan uwa don juyi, a duba fata safe da yamma, a ba shi ruwa isasshe, a lanƙwasa masa gaɓoɓi kullum, a nemi ma'aikacin lafiya ya koyar da sa robar fitsari.

Mu malamai muna da namu kason. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu tun 2008, amma takarda ba ta hawa matakala. Yaron da ya dawo a kan keke yana buƙatar gangara a bakin aji, tebur da keke zai shiga ƙarƙashinsa, makewayi mai faɗin ƙofa, da malamin da ba zai hana shi fita ba idan lokacin fitsarinsa ya yi. Bulo kaɗan da buhun siminti sun isa gangara. Raunin a baya yake, kan yana nan yadda muka san shi.

Dattijo bai sayar da garka ba. Kuɗin albasar bana ya sayi katifar soso, ya biya wankin gyambo, wani mai walda kuma ya ƙera keke mai ƙafa uku da tayoyi masu faɗi saboda yashin unguwa. Gyambon ya ci wata biyar kafin ya rufe, kuma har yanzu akwai ranakun da yaron ke juya fuska bango ya ƙi magana da kowa. Ƙafafun ba su motsa ba. Amma yana zuwa wurin wani mai gyaran salula yana koyon aiki, ni kuma ina kai masa littattafan Faransanci ranar Asabar. Makon jiya ya ce in sake nuna masa hoton Oskam. Ya kalla sau biyu, ya tambaye ni shekara nawa na ce mutumin ya jira. Na ce 12. Ya ce to shi yanzu ya ci ɗaya, sannan ya kira ƙanensa ya zo ya juya shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu jinya haƙuri.