Maza Daban, Mata Daban: Zangon Kumasi da Tarihin Jinyar Masu Shaye-shaye

Kalmar zango a asalinta tana nufin wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana. A Gana ana furta ta Zongo, kuma ta koma sunan unguwar baƙi Musulmi a kusan kowane gari. Fatake sun daɗe suna bin hanyar Gwanja don sayen goro, kuma sa'ad da Bature T. E. Bowdich ya isa Kumasi a 1817 ya tarar da malamai da 'yan kasuwa Musulmi a kusa da fadar Asantehene. Sai dai Zangon da aka sani a yau ya bunƙasa ne bayan Turawan Ingila sun mamaye birnin a 1896, lokacin da sojojin Hausawa da fatake, da Mosawa da Yarabawa da Zabarmawa, suka yi ta sauka. Hausa ta zama harshen kowa, kamar yadda Enid Schildkrout ta nuna a littafinta kan mutanen Zongo na 1978.

Tun farko zaman unguwar a rarrabe yake. Dattawa suna hira a ƙofar masallaci, samari suna da dandalinsu na shan shayi, mata kuwa taronsu na cikin gida ne: biki, suna, adashi, da ƙungiyoyin da magajiya ke jagoranta. Ɗalibin Hausa zai so ya lura da wani abu a nan. Gananci ya yi watsi da yawancin bambancin jinsi a nahawu, har a ji "rigan" inda Bakano zai ce "rigar", amma masu wannan karin harshe ba su sassauta rabon maza da mata a wurin zama ba.

Abin sa maye ma ba baƙo ba ne a Kumasi. Akwai fito, giyar dawa da matan arewacin Gana ke dafawa, da akpeteshie, barasar gida da gwamnatin mulkin mallaka ta hana, aka halatta ta bayan samun 'yancin kai. Akwai tabar wiwi, wadda wasu masana tarihi ke danganta yaɗuwarta da sojojin da suka komo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya sauya al'amari shi ne ƙwaya. Giya tana da wari, tana da gidan da ake sayar da ita, ga haramcinta a bayyane. Ƙwayar taramol ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma kama take da magani. Wajen 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta yi ta kama taramol mai ƙarfin miligiram 120 da 225, alhali abin da aka amince da shi bai wuce 50 da 100 ba. A 2018 gwamnati ta tsaurara dokar sayar da ita, ta kuma hana maganin tari mai kodin, a shekarar da Nijeriya ta yi irin wannan hani. A 2020 aka kafa sabuwar dokar ƙwayoyi mai lamba 1019, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta kuma karkata zuwa ga ɗaukar mashayi a matsayin majinyaci.

Doka ta sauya, amma wuraren jinya ba su taka kara sun karya ba. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na ƙasar duk a kudu suke: na Accra, wadda Hausawa ke kira Ankara, an buɗe shi a 1906, na Ankaful a 1965, na Pantang a 1975. A Kumasi akwai sashen da ke asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Iyalai da yawa a Zongo sukan fara ne da malam, a yi rubutu a yi addu'a, kafin a tuna da likita.

Hanyar da ake kira jinyar rukuni, wato masu fama da cuta ɗaya su zauna su faɗa wa juna halin da suke ciki, daga wata nahiya ta zo. A 1935 Bill Wilson da Dokta Bob Smith suka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous a garin Akron na Amurka. Kusan dukkan membobinta na farko maza ne, kuma darussanta sun fi mayar da hankali kan karya girman kai. Jean Kirkpatrick, wadda ita kanta ta sha fama da giya, ta ga cewa matar da kunya ta riga ta durƙusar ba ƙasƙantar da kai take buƙata ba, sai a ɗaga ta. Don haka a tsakiyar shekarun 1970 ta kafa Women for Sobriety, ta mata zalla. Hujjar likitoci ta biyo baya. A 1989 Dahlgren da Willander suka wallafa binciken da suka yi kan mata 200 a Sitokholm, inda waɗanda aka yi wa jinya a sashen mata kaɗai suka fi samun sauƙi bayan shekara biyu. Dalilin ba boyayye ba ne: duka a gidan aure, fyaɗe, tsoron a ƙwace 'ya'ya, ba zantukan da mace za ta yi a gaban maza ba ne. Su ma mazan sukan daina cika baki idan babu macen da za su burge.

Abin da Turawa suka kai gare shi bayan shekaru arba'in na gwaji, Zongo ta gaje shi tun daga kafuwarta. Babu mai buƙatar a lallashe shi kafin ya yarda mata su zauna su kaɗai, kuma akwai shugabancin da zai iya ɗaukar aikin, daga magajiyoyi har zuwa FOMWAG, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Gana. Amma kuskure ne a ɗauka cewa rabuwa kaɗai ta isa. Rabon nan da ke sauƙaƙa zaman shi ne kuma ke rufe ciwon. Saurayin da ke layi a bakin titi kowa na ganinsa, a yi masa faɗa, a kai shi asibiti, in ya shiryu a yi masa aure. Yarinyar da ke shan kodin a ƙuryar ɗaki, iyayenta sun gwammace a yi shiru, domin in magana ta fita, aurenta da na ƙannenta ne za su taɓu.

Akwai kuma batun sirri. Ginshiƙin Alcoholics Anonymous shi ne ɓoye suna, abin da ke yiwuwa a babban birnin da ba a san juna ba. A Aboabo ko Asawase kuwa, wadda ke zaune kusa da mai magana tana iya zama maƙwabciya, ko abokiyar adashi, ko gwaggon wanda ke neman aurenta. Macen da ta san haka za ta zo taron, ta gaisa, ta saurara, ta tashi ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba.